Ƙasar Gindin Injin Ban-Ruwa

Aikin digirina na biyu a kemistri ya tsaya cak a kan abu ɗaya. Akwai sinadarin da muke kira keton, ina so in cusa masa oksijin a gurbi ɗaya tak. Asid mai ƙarfi yana iyawa, amma aikin mahaukaci yake yi, ya gyara nan ya ɓata can. Wasu ƙwayoyin bakteriya kuwa suna da wani sinadari a jikinsu, enzayim, da ke yin aikin tsaf. Malamina ya ce in nemo su a ƙasar da ta daɗe tana shan mai. Wata biyu ya ba ni, in ban samu ba a canza mini aiki, shekara guda ta tafi a banza.

Nan take na tuna injin ban-ruwan Baba a gonarmu ta Bunkure, da ya yi shekara da shekaru yana yoyon mai. Na yi masa waya ya aiko mini da ƙasar gindinsa.

Ƙasa ta iso a leda, mai laushi, har da ƙamshi. Sati uku ina renon ƙwayoyinta, ashe aikin baban giwa nake yi. Ranar Asabar na hau mota zuwa Kura, na hau babur zuwa gona, raina a ɓace.

"Baba, daga ina ka ɗebo ƙasar nan?"

"Daga fangalin tumatir mana. Haba 'yar nan! Ƙasar da za ta je gaban malaman jami'a, sai in aika ta gindin inji? A ce gonar wa ke nan?"

Dariya ta ƙwace mini. Na tsuguna a gindin injin na kwashi baƙar ƙazantar da hannuna, shi kuwa yana ta waige ko maƙwabta na kallo.

Bayan sati biyu na ɗiga ruwan gwajina a faranti. Ɗigon keton ya dushe, ga sabon ɗigo a ƙasansa, ɗaya tal, alamar oksijin ya shiga inda nake so! Sau uku na maimaita. Wallahi guɗa na rangaɗa a ɗakin gwaji, har mai gadi ya leƙo.

Na kira Baba. Ya yi hamdala, sannan ya ce, "To ga makanike nan ya zo toshe yoyon."

"A toshe mana, Baba, na adana ƙwayoyin a firji."

"A'a. Tunda ma'aikatanki ne, ba ni zan yanke musu abinci ba."

Ina ji ta waya yana ce wa makaniken ya kwashe kayansa, ya dawo ranar da na karɓi takardata.