Kujerar Ƙarshen Bututu

Akwai motoci a ƙasashen da Warsini ba ta san sunayensu ba, waɗanda ba sa tashi sai da izinin ƙafarta ta dama. Ita dai babur take hawa, shi ma a baya.

Tana budurwa ta baro ƙauyensu a tsibirin Jawa, ta biyo jirgin ruwa zuwa tsibirin Batam, ta shiga masana'antar haɗa wayoyin mota. Aikin ba shi da wuyar faɗi. Ka zura kan waya cikin ɗan bakin ƙarfe, ka taka feda, iska ta turo haƙoran inji su cije. Da safe ita ke ɗaura haƙoran, ta jona tiyon iska, ta tsiyaye ruwan da ya kwana a ciki. Tana kan kujerar nan ta yi aure, ta haihu, mijin ya tafi neman aiki Malesiya ya manta hanyar dawowa. Ƙafar kuwa ta saba, ko a zaman makoki tana taka ƙasa.

Bayan azahar rufin kwano kan mayar da ɗakin tukunya. Matan layin suna da dabara tun kafin zuwanta: mace ta zare tiyonta, ta cusa ƙarƙashin ɗankwali ko wuyan riga, ta sha iska ta mayar. Bututu ɗaya ke ba kowa, kuma da aka sake jera injuna bana, kujerar Warsini ta faɗa can ƙarshensa. In matan suka zare tiyo, iskar kan iso mata ba ƙarfi. Haƙoran su cije, ido ya ga daidai, a ja waya ta zame.

Darmadi, mai kula da layin, ya dire mata kwandon wayoyin da aka dawo da su. Ya tuna mata cewa kwantiraginta na ƙarewa ƙarshen wata, kuma akwai 'yan mata a bakin ƙofa masu sababbin ƙafafu.

“Yaya Warsini, tsufa ne, ko ƙafar ce ta yi yaji?”

Ta ce za ta bincika. Babu abin bincikawa. In ta faɗi gaskiya za a ɗaure tiyo duka da ƙarfe, matan su dahu, ita kuma ta ci shinkafarta ita kaɗai har ta bar duniya. Tumirah, maƙwabciyar kujerarta mai hawan jini, ta ji komai.

“Ki faɗa masa mana, hajjaju,” in ji ta, tiyo na cikin rigarta. “In mun nuna sai a zuba mana yaji.”

Washegari Warsini ta ba Darmadi rabin magana, cewa iskar na raguwa da rana, ba ta san dalili ba. Aka kira makaniki. Ranar da ya zo, babu macen da ta taɓa tiyo, suka zauna suna ɗiga kamar kyandir. Ya zagaya, ya dafa babban injin da ke tara iskar, ya janye hannu da sauri. Ya ce zafi ya yi masa yawa, ba a barin inji a irin wannan hali.

Maganar ta taɓa zuciyar kamfani. Aka sabunta wa Warsini kwantiragi na ɗan lokaci, kamar kullum. Aka sayo ƙatuwar fanka mai ƙafa, matan suna kallo aka wuce da ita ta tsakiyar layinsu. A ɗakin injin aka kafa ta, aka sa kwaɗo.