Wuƙaƙen Bahaguwa

A layinsu babu mai kiranta da wani suna sai Bahaguwa, kuma sunan bai taɓa ɓata mata rai ba. Tun tana yarinya aka yi fama da ita a kan hannun nan, da faɗa da lallashi, har aka samu ta yarda ta riƙa ci da dama, tana karɓar abu da dama. Amma wuƙa kam sai hagu. Da hagun ta yi aikin yanke-yanke a kicin ɗin wata makarantar kwana har ta yi ritaya. In ta yanka albasa sai ka rantse aunawa aka yi, babu yankin da ya fi ɗan'uwansa kauri. Ta san da haka, ba ta kuma ɓoye cewa ta sani ba.

Tana da dokoki a kan wuƙaƙenta, duk wanda ya shiga gidan ya haddace su ko ba ya so. Wuƙa ba ta kwana a ruwa. Ba a yanka abu a kan faranti ko tire, sai a kan katako. In an wanke ta a goge ta nan take, a naɗe ta a tsumma. Aro kuwa, gara ka nemi aron tukunya. In maƙwabta suka tambayi sirrin kaifin wuƙaƙenta, dokokin nan take jero musu tana kaɗa yatsa.

Mijinta kafinta ne, mutum mai tsadar magana, wanda in ka gaishe shi sai ya gama buga ƙusar da ke hannunsa kafin ya amsa. Shi ke wasa mata wuƙaƙen. Ƙarshen mako yakan tattara su, ya zauna a bakin ƙofar kicin da dutsen washinsa da ruwa a gwangwani. Abin da ke ba ta dariya shi ne riƙonsa. Mutumin da komai da dama yake yi, da ya zo kan wuƙarta sai ya mayar da ita hannun hagu, ya karkace kafaɗa, ya cije leɓe, yana gogawa a hankali kamar ɗan koyo.

"Malam, kafinta guda riƙon wuƙa ya gagare ka?" takan ce masa. "Dubi yadda ka cinye min babbar nan, ta zama siririya."

"Je ki duba tukunyarki," shi ne duk amsarsa.

Da Allah ya yi masa rasuwa bayan gajeriyar jinya, 'yarsu Auta ta so ta kwashe ta zuwa gidanta, ta ce ba za ta bar uwarta ita kaɗai ba. Bahaguwa ta kafe. A ɗakin nan ta yi zaman aurenta, kantocin kicin ɗin nan shi ya kafa mata su daidai tsayinta. Ta ce, "Muddin ina iya dafa abin da zan ci, babu inda zan je." Auta ta ce ta ji, amma duk ranar da girki ya gagara, babu sauran musu. Bahaguwa ta amince har da dariya, don a ganinta wannan rana ba mai zuwa ba ce.

Watanni suka shuɗe, wuƙaƙen suka fara dakushewa duk da dokokin. Tumatir ya koma matsewa maimakon yankuwa. Mijin Auta, direban bas mai son a ce ya kyauta, ya lura da haka wata rana da ya kawo mata cefane. Bai yi shawara da kowa ba ya tattara su ya kai wa mai washi da inji a kasuwa. Ya dawo da su suna walƙiya, shi ma fuskarsa na walƙiya.

"Inna, mai washin ya ce duk bakinsu a karkace yake," in ji shi. "Wai gefe ɗaya aka riƙa ci. Amma ya daidaita su tsaf, ya ce yanzu suka zama wuƙaƙe."

Maganar ta sosa mata rai. Ita ce kaɗai ke da izinin kushe washin Malam. Amma suruki ne, kuma alheri ya yi, sai ta haɗiye ta sa masa albarka.

Washegari ta ɗora albasa a katako, ta sa babbar wuƙar. Kaifi kam ba a magana, ta shige kamar cikin man shanu. Sai dai yankin ya fito da kauri a sama, a ƙasa kamar takarda. Ta sake, haka. Ta ɗauki ta tsakiyar, ita ma ta zame gefe. Bahaguwa ta tsaya tana kallon albasar, albasar na kallonta.

Da farko ta ɗora wa albasar laifi, ta ce ta bana ba ta da kyau. Dankali ya yi mata haka, kabeji ma haka. Ta goge tabarau. Ta janyo katakon kusa da taga. Ta juya katakon, ta sa tsumma a ƙarƙashinsa ko yana rawa ne. Ta miƙa hannun hagunta a gabanta ta daɗe tana kallo ko zai yi kyarma, bai yi ba. Abin ya ɗaure mata kai ƙwarai. Wuƙa da kaifi, ido na gani, hannu lafiya, to ina matsalar take?

Ta rasa yadda za ta yi, ta karya dokarta da kanta. Ta kira maƙwabciyarta, matar tela, wadda ta sha raina wa yanka, ta miƙa mata wuƙar wai ta taya ta don yatsunta na ciwo. Matar tela ta yanka albasar nan sumul, ta ƙara da yabon wuƙar. Bayan ta fita, Bahaguwa ta zauna a kan kujerar tsugunno. Tsoro ya kama ta, irin wanda ba ta ji ba ko a ranar rasuwa. In ba wuƙar ba ce, to ita ce.

Har da dama ta gwada, hannun da aka yi ta roƙonta ta yi amfani da shi tana ƙi. Wannan ya fi muni. Ta koma hagu, ta riƙa yanka a hankali tana lissafin kowane motsi, abin da ba ta taɓa yi ba, kuma a haka ne ta yanke yatsa. Ta ɗaure ta ce ƙofa ce ta datse ta. Karo na biyu a gaban Auta ya faru, jini a kan katako, babu ƙofar da za a ɗora wa laifi.

Auta ta kai ta asibiti. Likita ya duba ido, ya sa ta matse masa hannu, ya sa ta taɓa hancinta, ya ce bai ga komai ba, wataƙila shekaru ne. Wannan ya ƙara rikita ta. Da ya ce ga ciwo, da ta san abin da za ta yi faɗa da shi.

"Umma, ke kika faɗa da bakinki," in ji Auta a hanya, muryarta ƙasa-ƙasa.

Bahaguwa ta tuna alkawarin da ta yi, ta ce a sa ranar tashi.

Ranar tashi mijin Auta ya kawo bas ɗinsa da hantsi. Aka kwance gado aka loda, aka cusa tukwane a buhu. Auta ta janyo akwatin kayan aikin mahaifinta daga ƙarƙashin kanta, tana tambaya ko a ba wani. Bahaguwa ta ce ta buɗe tukuna. A sama-sama ga dutsen washi, kusa da shi ga tsumma a naɗe. Ƙaramar wuƙarta ce mai baƙin mariƙi, wadda ta nema ta gaji har ta zargi matar tela a zuci. Ashe Malam ya ɗauke ta ya wasa, ciwo ya kwantar da shi kafin ya mayar.

Akwai ragowar albasa guda a kwando. Ba ta san dalilin da ya sa ta ɗauka ba, hannunta ne kawai ya yi. Ta ɗora a katako ta yanka da ƙaramar wuƙar. Yankin ya kwanta sumul. Ta ƙara, ta ƙara, har ta kai gindi, kowane yanki daidai da ɗan'uwansa.

"Na warke ne, ko me?" ta ce, ba da kowa take ba.

Ta zaro babbar wuƙar daga buhu ta gwada a kan dankali, ta zame. Ta koma ƙaramar, ta miƙe. Ta dubi Auta, ta miƙa mata ƙaramar.

"Ungo, ke gwada wannan."

Auta ta karɓa da dama ta sa wa dankalin. Wuƙar ta kauce mata, yankin ya fito a karkace. Ta gyara tsayuwa ta sake, ta sake kaucewa.

"Umma, wannan ai ba ta tafiya daidai."

Bahaguwa ta karɓe ta je bakin taga, ta juya bakin wuƙar a haske. Gefe ɗaya a shafe yake kamar fuskar tebur. Ɗaya gefen, wanda ke kallon waje in ta riƙe da hagu, shi aka zaftare. Haka bakin ƙarfen da Malam ke fere katako da shi yake, ta sha ganinsa. Sai ta tuno karkatacciyar kafaɗar nan, da leɓen da yake cijewa, da wuƙa a hannun da ba nasa ba. Ashe don hagunta yake wasa su haka.

Mijin Auta da ke tsaye a ƙofa da igiya ya sosa ƙeya. "Wato abin da mai washin ya gyara ke nan," ya ce a hankali.

Haushi ne ya fara zuwa mata, haushin Malam, mutumin da zai yi abu irin wannan tsawon zaman aure bai taɓa buɗe baki ya faɗa ba, ya bar ta tana jero wa mutane dokoki. Bayan haushin sai kewarsa ta taso mata.

Ta ɗebo ruwa a gwangwani, ta ɗauki dutsen ta zauna a bakin ƙofar kicin. Ba ta taɓa wasa wuƙa ba a rayuwarta, ba ta kuma san ko za ta iya ba. Ta shimfiɗa ƙaramar a kan tsumma inda za ta riƙa kallonta, ta ɗauki babbar da hagu. Dutsen ya lotsa ta gefe ɗaya, bakin wuƙar ya zauna cikin lotsawar daram, ita ko kafaɗa ba ta karkata ba.

"Umma, to kayan fa?" in ji Auta.

"Ku sauke min gadona," ta ce, ba ta ɗago ba. Ta goga sau biyu, ta tsaya ta share ido da bayan hannu. "Kullum sai na yi masa dariya, Auta. Kullum."