Inna a Cikin Kwando

Ni mace ce mai mantuwa, makullin ɗakina ma kullum sai an taya ni nema, amma akwai abin da har in koma ga Allah ba zai fita raina ba, wato lokacin da maigidana ya ɗauko wa ordinatarsa masu shara. Ordinater muke ce mata a nan Magarya, 'yan'uwanmu na ƙetaren iyaka su ce kwamfuta. Shekaru sun ja, amma har yau in na ga hoton tsintsiya a salular wani, wato wayar hannu, sai in ji gabana ya faɗi.

Maigidan nawa ɗan kasuwa ne, wake da gyaɗa yake saye yana sayarwa. Alhaji nake ce masa. Bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko, ni kuwa leƙawa kawai na yi na fito, amma shi mutum ne mai son abin zamani. Ordinatar ta hannu ce, ya sayo ta a Damagaram, ya shimfiɗa mata ƙyalle a kan tebur, ya kafa doka ba mai taɓawa sai shi. Babban aikinta nuna wa baƙi hotunansa na Makka. Ni ba abin da ya haɗa ni da ita sai abu guda: muryar Innata tana ciki.

Inna mutuniyar Kwaya ce, can aka haife ni. Zuwanta na ƙarshe wurina ganin likita ta zo. Tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa tana ta faɗa, Alhaji ya ɗauki muryarta a salula ba ta sani ba. Ba wa'azi ba ne, ba wasiyya ba ce, faɗa ne irin nata. Ta ce miyata ta yi ruwa, ta ce akuyar maƙwabta ba ta samu tarbiyya ba, ta ɗan yi waƙa ta hanci, sannan ta ce, "In kun ga tsohon nan ku ce masa ya gyara dangar bayan gida, ni na gaji da faɗa." Tsohon nan, Babana ke nan. Inna ba ta ga daminar gaba ba. Salular kuma daga baya ta faɗa randa ta mutu, amma Allah ya taimake ni Alhaji ya riga ya juye muryar a ordinater.

To a kusurwar allon nan akwai hoton wani ɗan kwando, sak irin wanda nake aje albasa. Alhaji ya taɓa tambayar wani ma'anar Faransancin da ke rubuce ƙarƙashinsa, aka ce masa ai kwando ke nan. Bai nemi ƙarin bayani ba. Shi mutum ne mai tsari, a shagonsa kowane buhu da mazauninsa, saboda haka ya yanke cewa masu ƙera abin nan sun san gida, sun yi wa mutum wurin ajiya. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai ya jawo muryar daga kwandon, ya kunna mini, in sha dariya in share hawaye, sannan ya mayar. Wajen mayarwar takan jefo masa wata tambaya da Faransanci, ya danna mata eh, ya ce, "Ladabi ne irin nasu, tana tambaya ko na gama. To kin ga, na mayar da Inna kwandonta." Ni kuma in ce Allah ya saka da alheri.

Aibin ordinatar nan guda ne, nawa. In ya danna ta, sai ya je ya yi alwala ya dawo, in ɗora tukunya ruwa ya tafasa, tana nan tana juya wani ɗan zobe a tsakiyar allo. Ga nishi, kamar jakin da aka labta wa kaya a yashin hanyar Guci. Mu dai mun saba, ba mu ɗauke shi komai ba, sai da saƙo ya zo daga Kwaya. Baba ya aiko cewa da an gama kaka zai zo ya ji muryar nan. Tun rasuwar Inna ake yi masa tayi yana cewa a bari tukuna. Yanzu idonsa ya yi rauni, ko hotonta ba ya iya gani, shi ya sa ya nemi kunne.

Alhaji ya rasa sukuni. Kun san kunyar suruki. Ya ce, "Yanzu Baba zai zauna gaban abin nan yana jira, kamar mai jiran motar Waca ta cika? Ai sai a ce ɓatacciya na sayo."

Muna da wani maƙwabci, tsohon malamin lakwal ne da ya aje aiki, kowa Mushe ke ce masa, wato malam da Faransanci. Shi Alhaji ya kira. Mushe ya gyara tabarau, ya kara kunne jikinta kamar likita, ya ce, "Datti ne, Alhaji. Natwayaj take so. Shara." Ya jona ta da salularsa ya sauko da wani abu mai hoton tsintsiya, wai kyauta ne. Abin ya yi ta ƙirga, allo ya yi ja wur, Mushe ya karanto cewa an samu datti dubbai. Alhaji ya juyo ya dube ni, kamar ni ce na bar gidan da ƙazanta. Na ce, "Ni dai ka hana ni taɓa ta, ko tsumma ba na kai mata." Amma a raina na ji daɗi, don ni mai son tsabta ce, duk wanda ya zo da tsintsiya ina ganin mutumin kirki ne.

Mai tsintsiya ya share kaɗan, sannan ya ce sauran sai an sayi yayansa. Mushe ya ce ba za a yi mana wayo ba, ya sauko da wani, mai hoton garkuwa. Wannan da shigarsa ya ce babban dattin da ke gidan shi ne mai tsintsiyar. Alhaji ya ce a bar su duka, kowa ya sa wa ɗan'uwansa ido. Washegari aka ƙaro mai hoton kumbo, wanda ya yi alkawarin za ta riƙa tashi kamar walƙiya, kuma bai zo shi kaɗai ba, ya zo da danginsa, masu tallan maganin ƙiba da na sanƙo. Shi wannan yana da wata shara ta musamman, mai zurfi, Mushe ya bi duk akwatunan da ke jikinta ya sa musu alama, ya ce in za a yi a yi gaba ɗaya. Daga ranar, in aka kunna ordinater, sai kowane mai shara ya fito ya yi gaisuwa, ya faɗi dattin da ya gani, ya roƙi a ɗaukaka shi, kafin a ga fuskar allo. Nishin ya koma gurnani. Mushe ya ce alamar magani na aiki ke nan.

Baba ya iso da hantsi, an ɗauko shi a amalanken jaki zuwa bakin hanya, daga nan mota. Na shimfiɗa masa tabarma a inuwar darbejiya, na dama fura. Alhaji ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa ya yi gaisuwa, sannan ya ɗauko ordinater hannu bibbiyu kamar mai kawo akushi. An gayyato Mushe don ya ga amfanin aikinsa. Aka danna. Ɗan zoben nan ya kama juyi. Mai tsintsiya ya gaishe mu, mai garkuwa ya gaishe mu, mai maganin sanƙo ma bai bari an bar shi baya ba. Baba ya shanye fura, inuwa ta matsa, muka ja tabarma muka bi ta.

Alhaji ya ce, "A yi haƙuri, Baba, yanzu za ta fito."

Baba ya ce, "Ba komai, Alhaji. Ita ma da ranta ba ta taɓa fitowa da wuri ba."

Can dai allo ya buɗe. Alhaji ya yi bismilla ya shiga kwando. Fes, ko ƙwayar gero babu. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya karkata allon, wai ko hasken rana ne. Na ga gumi ya tsattsafo masa ƙarƙashin hula. Ya matsa kusa da Mushe ya rage murya.

"Mushe, ina kayan da ke cikin kwandon?"

"Wane kwando? Au, korbai? Ai shi ake fara zubarwa."

"Zubarwa kamar yaya? Wurin ajiyata ne."

"Alhaji, kwandon shara ne fa."

"Na ajiya dai. Dubi hoton."

"Na shara ne, Alhaji. Duk duniya na shara ne."

Su a zatonsu raɗa suke yi. Sun manta kunnen nan nawa da ke jin faɗuwar allura, wurin Baba na gado shi. Ya aje ludayi a hankali ya juya wajen da muryar surukinsa take.

"Alhaji, matar tawa a kwandon shara kuka aje ta?"

Alhaji, mutumin da ke tsayawa ya yi ciniki da dillalan iyaka ba ya ƙifta ido, ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da ɗan yatsa. Ni kuwa sai a sannan maganar ta iso mini, cewa Juma'ar gaba ba Inna.

Baba manomi ne, bai san a zauna ana jimami ba. Ya ce, "To ai shara ba ɓata take yi ba. Mu a Kwaya tara ta muke a juji, rani ya yi a kai gona. A ina mai sharar ya juye? A je a tona." Mushe ya cire tabarau ya goge, ya ce wannan sharar ba ta da juji. Baba ya ce bai taɓa jin mai sharar da ba ya iya nuna inda ya zubar ba, sai dai ɓarawo.

Alhaji ya naɗe ordinater a ƙyallenta, ya tsayar da kabu-kabu, shi da Mushe suka nufi wurin wani mai gyara a bakin kasuwa. Sai la'asar suka dawo, kuma tun daga tafiyarsu na karanta amsa. Mushe ne ya iya maimaita abin da aka gaya musu. Mai gyaran ya ce da zubarwa kawai aka yi, da akwai sa rai, don abin da aka goge yakan bar sawu a bi. Amma sharar nan mai zurfi, aikinta ke nan ta bi wurin ta daɓe don kada a ga sawun, kuma da shi take taƙama. Ya ce nawar kuma ba datti ya kawo ta ba. Tsufa ne, da ƙaramin ciki, da ƙurar da ta toshe fankar, sannan masu sharar suka zo suka cinye ɗan wurin da ya rage. Ya kore su duka, ya hure ƙurar, ya ƙara mata wani ɗan ƙarfe mai kamar faratan hannu a jere. Alhaji ya danna don mu gani. Kafin in gyara ɗankwali ta tashi tsaf. Ga sauri ya samu, ba abin da za ta faɗa.

Baba ya juyo wajena. Sannan ya ce, "Ke 'yar nan, ba ke ce ke jin ta duk Juma'a ba?"

Na ce, "Ni ce, Baba."

"To me ta ce?"

Na fara ba shi labari, na ce ta yi maganar miya, ta yi maganar akuya. Ya ɗaga hannu ya ce, "Ba haka take magana ba. Faɗi yadda ta faɗa."

Na jawo faifan gyaɗa na ɗora a cinya, don hannuna ya samu abin yi. Na rufe ido. Ban san ta zauna mini haka ba, har inda take jan numfashi, har ɗan tarin da take yi kafin ta zagi akuya, har waƙar hancin. Muryata ta shaƙe irin tata. Da na iso ƙarshe na ce, "In kun ga tsohon nan ku ce masa ya gyara dangar bayan gida, ni na gaji da faɗa."

Sai Baba ya murtuke fuska, ya juyar da kai gefe kamar yadda yake yi mata, ya ce, "Kullum danga, kullum danga. To na ji. Ai yanzu kara ya samu." Ya kai hannun riga ya goge ido, ya ce wai hayaƙin murhuna ne, alhali ban hura wuta ba.

Alhaji ya ga dama ta samu ta wanke kansa, ya zaro sabuwar salularsa ya ce in maimaita ya ɗauka. Baba ya ce, "A'a, Alhaji, bar ta inda take. Nan mai tsintsiya ba ya shiga." Bayan ya koma Kwaya, ƙanena ya aiko mini cewa tsoho ya hana kowa barcin rana, yana zaune da sanda yana nuni har aka ɗaure dangar nan tun daga kusurwa zuwa kusurwa.

Ordinatar tana nan har yau, tana tashi da wuri tana nuna hotunan Makka. Alhaji bai yarda laifinsa ne ba, yana nan a kan cewa wanda ya zana kwandon ne bai iya zane ba, da ya sa masa ƙuda ko guda ɗaya da kowa ya gane. Mushe kuwa da an ambaci natwayaj sai ya tuna yana da wata unguwa.

Ni dai abin da na ɗauka shi ne, duk wanda ya zo maka da tsintsiya kyauta, ka fara tambayarsa me yake kira shara, don shi bai san abin da ka sha wuya a kansa ba, kuma yawansu ba ya sa tsohon abu ya yi gudu. Abin da kake so kuma kada ka bar shi wuri guda. Shi ya sa na zaunar da 'ya'yana mata uku na koya musu faɗan Inna kaf. Yanzu in miyata ta yi ruwa, daga kusurwa uku nake jin ta.