Randar Inna da Famfon Kasuwa

Gidanmu a Tasawa yana kan hanyar da ke shiga kasuwa daga gabas, kuma a ƙofarsa akwai randa. Inna, mahaifiyarmu, ita ta kafa ta a gindin bedi, wato dogon yaro, shekarar da Baba ya rasu. Ta binne gindinta cikin yashi, ta rufe bakinta da faifai, ta ɗora moda a kai. Baba falke ne, ya sha ruwan mutane da yawa a hanya bai san sunansu ba. Inna ta ce ruwan nan sadakarsa ce: duk maƙogwaron da ya jiƙa, sanyinsa zai iske shi a kabari. Ba ta tambayi malami ba, kuma babu malamin da ya yi gigin gyara mata.

Da kaka, lokacin sayen gyaɗa, randar ba ta hutawa. Mutanen Kona da Baudeta suna shigowa da jakuna da raƙuma, buhu kan buhu, su yi jerin gwano wajen ma'auni har rana ta take. Kowa ya biyo ta ƙofarmu sai ya tsaya. Shan ruwan randa da ladabinsa: mutum ya tsuguna, ya yi bisimilla, ya sha, ya ɗauraye modar, ya watsar da sauran a ƙasa saboda na bayansa. Shi ya sa gindin randar kullum a jiƙe yake, zuma da zanzaro suna ta shawagi. Da la'asar Inna takan fito ta zura hannu ta ji inda ruwan ya tsaya. In hannun ya nutse har kafaɗa, ranar har waƙa take yi wajen tuƙa tuwo.

Bayan an samu mulkin kai aka gina shato, babban tankin ruwa na sama, aka ja ruwa zuwa bakin kasuwa, aka kafa famfo a kan dandamalin siminti, da kofin ƙarfe ɗaure da sarƙa. Ni lokacin na fara koyarwa a lakwal, makarantar boko ta 'yan mata, kuma har darasi na yi a kan amfaninsa. Gaskiya abin kallo ne. Tsofaffi suna murɗa kan famfon su ja da baya. Ruwan da ɗumi yake fitowa, yana warin ƙarfe, amma ba ya ƙarewa, kuma ba sai ka gode wa kowa ba. Mutum kuwa yana son abin da ba sai ya yi godiya ba. Manoma suka riƙa wuce ƙofarmu suna gaida Inna daga kan jaki, su ce sai sun dawo.

Inna kuwa ba ta sauya komai ba. Ta ci gaba da sa mai garuwa ya cika randar da safe. Da la'asar ta zura hannu, ruwa ya tare ta a wuyan hannu. Sai ta juye shi a gindin bedi, gobe a zuba sabo, don a wurinta ruwan da ya kwana ba na baƙo ba ne. Bedin ya yi ƙiba, ita kuwa ta rame. A shekarun nan ne idonta ya fara hazo, har ta koma lalube.

Matar yayana mace ce mai tausayi, kuma ba ta iya ganin ɓarna. Ita ta samo dabara. Da azahar, in Inna ta kishingiɗa, sai ta fita da bokiti ta kwashi rabin randar ta shigo da shi ta yi wanke-wanke. A ganinta ta jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya: tsohuwa ta ji daɗi, ruwa bai tafi a banza ba. Ko ɗigo ba ta bari ya zuba, don ita 'yar Mayahi ce, inda ake jan guga har tafin hannu ya yi kanta.

Dabarar ba ta yi nisa ba. Wata la'asar muna zaure, Inna ta fita da sandarta, ta zura hannu, ya nutse har gwiwar hannu. Sai muka ga ta tuɓe takalmi tana shafa ƙasa da tafin ƙafa, ta zagaye randar kaf. Ta dawo ta zauna, ta kira surukarta.

"Ɗiyata, baƙin naki ba su zubda saura?"

Matar yayana ta sunkuyar da kai.

"Allah shi yi miki albarka, na san don ni kika yi. Amma ba ni za a ruɗa ba. In ba a sha ba, ba a sha ba. Bar ma marigayi abinshi cike."

Daga ranar ba wanda ya ƙara taɓa randar. Na ji tausayin su biyun, amma na fi jin na surukar, don ta yi mako ba ta haɗa ido da makauniya ba.

Famfon ma bai dawwama ba. Kofin aka fara ɗaukewa, aka bar sarƙa tana lilo. Masu hali suka ja ruwa cikin gidajensu, suka daina damuwa da na kasuwa. Sannan damina ta riƙa yin gardama, gyaɗa ta ja baya, manyan motocin da ke ɗaukarta suka rage zuwa. Aka ce injin da ke tura ruwa cikin shato yana shan mai da yawa. Aka sa wa famfon kwaɗo, aka ba wani mutum makulli, yana buɗewa da safe da yamma, in ya ga dama. Da rana awaki ne ke kwanciya a kan simintin. Wannan bai dawo wa Inna da jama'arta ba, don masu wucewar ma sun ƙaranta, sauran kuma sun manta akwai randa.

Wata rana da zafi, bayan azahar, ina zaure ina yi wa Inna tsifa, sai wani dattijo ya tsaya da jaki babu kaya. Ya yi sallama, ya ce daga wajen Gidan Amumune yake, ya je famfo ya iske shi a kulle. Ya tambaya ko ruwan nan na sha ne.

"Don kai anka aje shi," in ji Inna.

Muka ji ya ɗaga faifai, muka ji moda ta bugi bakin randa. Ya sha, ya ƙara. Sannan muka ji ƙarar sauran ruwan a kan yashi. Ya ce Allah ya kai ladan inda aka nufa, ya ja jakinsa.

Inna ta ture hannuna, kai rabi a tsefe, ta miƙe ba sanda ba takalmi. Ta lalubi bango har ta fita. Ta nemi wurin da ƙafa, ta same shi, ta tsaya a kai. Na ce ta shigo rana ta yi yawa. Tana nan tsaye har ƙasar ta bushe.