Keken Ɗinkina a Hannun Yaya Sada

Ku da kuka san Yaya Sada, malamin kimiyyar nan na sakandare a Dutsin-Ma, kun san ba a miƙa masa kwalba ya karɓa kamar mutane. Sai ya girgiza ta, ya ɗaga ta saitin rana, ya kanne ido ɗaya ya ce, "A bari su rabu tukuna." Ko maganin tari ne, mai tarin ya yi ta tarinsa. Ku dariya abin yake ba ku. Ni Hansatu ƙanwarsa har yau raina ɓaci yake, domin wannan girgize-girgizen ne ya cinye mini keken ɗinkina.

A farkon shekarun tamanin ne, ina aure a Kurfi, kuma da keken nan nake rufa wa kaina asiri. Wata ranar kasuwa sai ga shi ya faɗo gidan ko gaisuwar kirki babu, ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashin keken. Wai wani abokin aikinsa ya nuna masa hoton wata na'ura a mujalla.

"Ke Hansatu, saurara. Mai da ruwa ba su haɗuwa, ko? In kin zuba abu a tsakaninsu, wani ɓangaren ya fi son mai, wani ya fi son ruwa. To na'urar ga juyawa take da ƙarfi. Juyin ya riƙe ruwan cikin jerin 'yan kwalabe, man ya riƙa ratsawa. Mai son mai ya riga fita, mai son ruwa ya daɗe a baya. Kin ga an raba su ke nan!"

"To mi ya haɗa wannan da kekena?"

"Ƙafarsa nike so. Da zoɓo zan fara, in raba jan da tsamin."

"Yaya, wa ya ce maka ja da tsami suna faɗa?"

Bai ko kula ni ba. Ya ce aro ne na kwana biyu, ya sa aka ɗora keken a bayan a-kori-kura. Ni kuma da shegiyar kunyar babban wa, na tsaya ina kallo.

Shiru-shiru har azumi ya matso, na yi shiri na tafi Dutsin-Ma. Innalillahi! Kan keken ya cire shi ya tura ƙarƙashin gado. Igiyar kuwa ya haɗa ta da wilin keken hawa da ya kwantar a kan teburin ɗinkin, ya ɗaure kwalaben allura a kewaye, ya sarƙa su da robar ƙarin ruwa. Mutumin da ko sabon takalmi ba ya saye, ina zai sayi sinadari? Man gyaɗan matarsa Balaraba ya ɗura. Ta ce mini rabon da ta yi suya a gidan har ta manta.

Ya ce in zauna in ga ikon Allah. Ya taka, wili ya ɗauki gudu, ɗaki ya hau rawa. Can sai roba ta fizge. Wallahi tun daga ɗankwali har gefen zane, farin leshina na unguwa ya koma ja. Na buɗe baki zan yi magana, sai ya daka tsalle.

"Kada ki motsa! Duba, man ya hau bango, jan ya tsaya jikinki. Sun rabu, Hansatu!"

Da kuka na kai ƙara wurin Kawu Mamman, ƙanen mahaifinmu, dattijon da ko tari ya yi sai kowa ya nutsu. Ya ɗauki sandarsa ya ce yau sai keken nan ya kwana Kurfi. Na zauna a zauren Yaya ina jira har la'asar ta yi. Da na gaji na leƙa, me zan gani? Kawu ya naɗe hannun riga yana taka keke, gumi na zuba, Yaya na tsaye a kansa yana cewa ya ƙara wuta.

"Kawu! Wannan shi ne hukuncin?"

"Yi haƙuri ɗiyata, yac ce saura kaɗan."

Sallar nan da allurar hannu na yi ɗinki har yatsuna suka fashe. Masu kawo mini atamfa suka koma wurin wani tela a bakin kasuwa, ba su kuma dawo ba. Na daina zuwa gidansa. In muka haɗu a suna ko biki, ya ce, "Saura kaɗan," ni kuwa in ɗauke kai. Shekaru muka yi a haka, zoɓo bai rabu da tsaminsa ba.

Ciwon da ya ɗauke shi bai yi sati ba. Na je da faɗana cike da baki, na tarar har an kai shi. Wannan ya fi komai ƙona mini rai: ya tafi ban ƙarasa ba, bai kuma tsaya na ce na yafe ba.

Bayan arba'in Balaraba ta aiko mini da keken. Na mayar da kansa, na zuba mai, na zauna zan gwada. Ina ɗora ƙafa sai na ji matakin ya sauya. Ƙarfen ya side, ya yi sulɓi, ya lotsa ta gefen dama daidai inda diddigensa ke zama, shi da yake tafiya a karkace tun muna yara. Ƙafata ta zame ta faɗa cikin sawunsa. Na kifa kaina a kan teburin na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwa.

Kai Yaya Sada, ka ba ni wuya! Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka. Ya Allah, hakkina da ke kansa na sauke, kada a tambaye shi.