Yadda Lissafi Ya Tashe Ni Daga Bakin Ƙofa

Ni dai karatuna a aji huɗu ya tsaya, kuma ban san layin abinci yana da ilimi ba sai a shekarun tashin hankali.

Maiɗakina tana da ɗan gidan abinci a unguwar Fezzan cikin birnin Yerwa, burabusko da miyar kuka, sai shinkafa da wake. Ni kuwa tun da na ajiye aikin masinja na naɗa kaina sarkin ƙofa, na kafa kujera ina gaisawa da duk mai shiga. Ba wanda ya ɗauke ni aiki, saboda haka ba mai iya korata.

A lokacin taro abin tsoro ne, domin inda jama'a suka cunkushe nan ake kai bam. Mu kuma da azahar layinmu har titi, mutanen ƙauyuka sun cika gari. Wata rana wani soja ya ce mini, "Baba, in na sake ganin taron nan ranar Juma'a, za mu rufe wurin." Tukwanen nan kuwa su ke riƙe da gidanmu.

Babbar 'yarmu tana koyar da lissafi a jami'a. Ta zo da agogo da littafi, ta yi kwana biyu kusa da tukunya tana rubuta lokacin da ake ɗauka kafin a sallami mutum. Sannan ta shimfiɗa tabarma, ta zuba ƙwallayen dabino ta ce su ne masu ciniki, kwanuka biyu su ne masu zuba abinci. Tana duban agogo tana tura ƙwallaye. Ta ƙara kwano, ta rage, ta raba layi biyu.

"Bai kamata layin nan ya wuce mutum biyar ba," in ji ta.

Na ce, "Uwata, dabino ba ya jin yunwa, shi ya sa."

Washegari sai ga ta tsaye a kaina da agogonta. Da la'asar ta ce, "Baba, kafin ka gama gaisawa da mutum ɗaya, Inna ta isa ta sallami uku. Tukunya jiranka take."

Na gyara hula. Na ce mata a Yerwa ba a wuce dattijo da "wushe" ɗaya, wato sannu ɗaya tak. Kuma gaisuwar shekarun nan ba irin ta da ba ce. In na ce ina ƙaninka, da gaske nake tambaya. A kujerar nan na shaida wa wani mai ɗinki cewa an ga mahaifiyarsa da rai a sansanin gudun hijira, don wani ya faɗa mini da safe. Na ce, "Wannan a wane kwano za ki sa shi?"

Ta koma gaban tabarmarta. Can ta zaɓi ƙwallo mafi girma ta ce ni ne. Na zaci waje za ta jefar da ni. Sai ta ɗauke shi daga bakin tabarma ta ajiye bayan kwanuka.

Haka kujerata ta koma cikin gida, gindin darbejiya. Mutum ya karɓi abincinsa tukuna, sannan ya zo mu gaisa a bayan katanga, inda titi ba ya ganinmu.

Ranar Juma'a sojan ya zo, ya tarar da mutum uku a ƙofa. Ya shigo ya karɓi shinkafa, ya zauna kusa da ni. Na tambaye shi garinsu da mahaifiyarsa, da yaushe rabonsa da jin muryarta. Sai da abincinsa ya huce.