Ƙwayar da ta Raba Harisu da Mafarki

Harisu saƙar angarib yake yi a kasuwar Gadarif, gadon nan na katako da igiya. Shekara ashirin da uku rumfarsa na kallon ɗakin shan magani inda na yi aiki. Bayan azahar yakan miƙe a kan gadon da bai sayar ba, ya yi barcin awa biyu cur.

A 1995 aka sauke ɗansa Osman daga motar zuwa garin Mafaza, aka tura shi yaƙin Kudu tare da sauran samari. Bai dawo ba, ba a kawo gawa ba. Sai a mafarki yake zuwa. Harisu yakan kira sunansa cikin barci har masu riɗi su juyo, ya farka yana murmushi. "Yau ma ya zo, Hakim," yakan ce mini, don haka ake kiran mai ba da magani a can. "Har yanzu bai aske wannan sumar ba."

Ƙanen Harisu, Kamal, yana kwamitin unguwa, kuma wannan kiran suna a tsakiyar kasuwa yana ja masa magana. Shi ya fara kawo wa Harisu ƙwaya, wai ta hawan jini.

Wata huɗu Osman bai zo ba. Harisu ya rame. Ya yi sadaka, ya tambaye ni ko yaron fushi yake da shi.

Tun a makarantar mishan wata sista ta koya mana cewa barci hawa-hawa ne: mai sauƙi, mai nauyi, sannan na mafarki bayan kamar minti casa'in, lokacin da ƙwaƙwalwa ke aiki kamar a farke, ido na yawo a ƙarƙashin fata. Na zauna gefensa da agogona, kwana uku a jere. Idon bai motsa ba. Na ce ya nuna mini ƙwayar. Ta barci ce, irin mai danne wannan hawan na mafarki. Na gaya masa.

Kamal ya zo da la'asar da jabana, butar gahawa.

"Me kake ba ni?" in ji Harisu.

"Yaya, don ka huta ne wallahi. Mutane na cewa ka taɓu."

"Na ce maka na gaji?"

"Ana tambayata a kwamiti, Yaya."

"To ka amsa musu. An ɗauke mini Osman sau ɗaya, kai ka ɗauke shi na biyu."

Na hana Harisu daina ƙwayar farat ɗaya, muka rage rabi-rabi. Mafarkai suka dawo a haukace, mako biyu sai wuta da gudu. A na uku ya farka fuskarsa jiƙe, ya ce yaron ya zo, amma bai yi magana ba.

Ya rayu shekara tara bayan haka. Yakan amsa sallamar Kamal, domin addini. Ko ruwa bai ƙara karɓa daga hannunsa ba.